Wasan da ba shi da fage

Washegarin babbar sallar da ta wuce, da hantsi, Inna tana zaune a kan tabarma a inuwar rumfa tana yanka ragowar naman layya, sai ɗan yayata da suka zo yawon sallah daga Kano ya fito tsakar gida da waya a hannun hagu. Shekararsa 13. Ya ɗaga wayar saitin idonsa, yana takawa a hankali kamar mai sanɗar fara, har ya zo dab da turmi. Nan ya ja ya tsaya, ya miƙa hannun dama gaba, ya ware yatsu biyar cif, daidai fuskar Inna.

Wuƙa ta tsaya a hannunta.

"Kai! Ni kake wa daƙuwa?"

Ko ji bai yi ba. Ya dunƙule hannun, ya sake warewa, sau biyu a jere, yana cewa, "Saura kaɗan, saura kaɗan."

"To ka kai wa uwarka," in ji Inna, "ai ni na haife ta."

Gida ya kwashe da dariya, don jika ne da kaka, akwai wasa a tsakani. Yaya ce kaɗai ba ta yi dariyar ba. Ta taso daga bakin murhu ta fisge wayar, ni kuma na karɓe ta daga hannunta kafin ta kai ga jefa ta a randa. Da na duba gilashin, ga tsakar gidanmu nan kamar yadda na san ta, ga turmi, ga rumfa, ga Inna da wuƙarta. Amma a bakin turmin wani ɗan koren dodo ne zaune yana lilo da ƙafa. In ka ware hannu, wuta ta fita daga tafinka ta same shi. In ka dunƙule, ka cafke shi. Yaron ya rantse mini, "Wallahi Kawu ban ga Hajiya ba," na kuwa yarda da shi. Tana cikin hoton, amma idonsa na kan dodo. Da Baffa ne a kan tabarmar nan, da da kumburarren kunci zai koma Kano.

Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, kuma tun ranar nake juya wannan abu a raina. Na san wani zai ce ina ruwan ƙauyen da wutar lantarki take zuwa kamar baƙon sallah da irin wannan magana. Ai haka aka ce lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, yau ga shi mai sayar da gawayi ma a waya ake kiransa. Abin da ke hannun yaran Kano bana, baɗi yana kan tebur a Fam Santa a matsayin na hannu, baɗin baɗaɗa yana shagon mai cajinmu. Kuma ma ƙanin wannan fasaha ya daɗe da zuwa. Duk yarinyar da ta ɗauki kanta a Snapchat ko TikTok da kambun furanni a ka, wanda ke bin kanta duk inda ta juya, ta riga ta taɓa shi. Ɗora hoto a kan zahiri ke nan: kyamara ta ɗauko abin da ke gabanka, waya ta ɗora masa abin da babu, ta haɗa su ta yadda ido zai ga kamar tare suke.

Yadda take yin haka ba tsafi ba ne, ko da yake yaran unguwarmu sun sa masa suna gem ɗin aljanu. Kyamara tana ɗaukar hotuna wajen 30 a kowace daƙiƙa. A cikin kowanne, manhaja tana neman wuraren da za ta iya shaidawa, irin su kusurwar bulo, saƙar tabarma, tsagar jikin turmi, sai ta bi su daga hoto zuwa hoto ta ga yadda suka gusa. Ta haɗa wannan da abin da ƙananan na'urorin jin motsi da juyi na cikin wayar suke gaya mata, sai ta gane inda take a cikin ɗaki da inda ƙasa take. Shi ya sa dodon ya zauna daram a kan tabarma mai zane, amma da muka gwada shi a kan daɓen siminti mai sulɓi sai ya yi ta zamewa kamar wanda ya taka kuɓewa, don wayar ba ta sami abin riƙewa ba. Apple ya fitar da kayan gina irin waɗannan manhajoji a 2017, Google ya biyo da nasa. Kafin su, a watan Yulin 2016, wasan Pokémon GO ya riga ya fitar da mutanen manyan biranen duniya kan titi suna farautar dodanni. Sai dai a can da yatsa ake shafa gilashi a yi jifa. Hannu yana manne da waya, wanda ke gefe ba ya ganin komai sai mutum mai latse-latse.

Sabon abin shi ne hannu ya bar gilashi ya fito fili. A 2019 Google ya saki wata manhaja, MediaPipe, da ke iya gano hannu a cikin hoto ta sa masa ɗigo 21, ɗaya a wuyan hannu, huɗu-huɗu a kowane yatsa, kuma a cikin wayar take yin lissafin. Daga tazarar ɗigogin nan take sanin an ware ko an dunƙule, an nuna ko an tsunkula. Iyakar saninta ke nan. Wace siffar hannu ce za ta zama "harba", wace ce za ta zama "kama", mutum ne ke zaune a wani ofis yana yankewa. Mai yankewar kuwa yana zaɓar abin da kyamara ta fi saurin ganewa, kuma babu abin da ya kai buɗaɗɗen tafi mai warrarrun yatsu sauƙin ganewa, tunda kowane yatsa ya fito shi kaɗai, babu wanda ya ɓoye wani. Ko wayoyin Samsung, in kana son su ɗauke ka hoto ba tare da ka taɓa su ba, tafi ake nuna musu. A wurin wanda ya tsara, gaisuwa ce ko "dakata". A wurinmu zagin uwa ne. Ba mu kaɗai ba ne ma, Girkawa suna da irin wannan zagin da hannu, kuma sun ɗauke shi da zafi kamar yadda muka ɗauka.

Ga kuma wani tarkon da yaron ya faɗa ba da saninsa ba. Waya na buƙatar hannu ɗaya, wasa na buƙatar ɗayan. In ya riƙe ta da hagu, dama ce za ta yi ta watsa wa jama'a yatsu. In ya riƙe ta da dama, sai ya yi ta miƙa wa mutane hagu, hannun da tun yana rarrafe ake buge masa in ya karɓi abu da shi. Kowacce ya zaɓa ya taka wata doka ta gidan kakarsa.

Gaba da baya na sha musu a kan wannan. Wani abokin aikina da ya girme ni ya ce maganin abin ɗaya ne, a hana. Yara su bar shirme su kama karatu. Na ce masa, "Malam, me muka taɓa hanawa ya hanu?" An yi faɗa da gidan kallo, an yi da bidiyo, an yi da ƙwallon Turai, yau liman ma ya san ranar da ake buga wasan ƙarshe, don sahu yana raguwa. Ban da haka, in za a ba ni zaɓi tsakanin yaron da ya kwanta rub da ciki awa uku yana tura bidiyo sama da babban yatsa, da wanda ke zagaya tsakar gida yana tsugunawa yana miƙewa yana gumi, na biyun zan ɗauka. Jikin yaro don motsi aka yi shi. Wannan wasa aƙalla ya tashe shi tsaye, kuma na ga yadda ya jawo ƙannensa suka kewaye shi suna ihu, maimakon kowa ya shige lungunsa.

Matasa kuma suka zo mini ta ɗaya gefen. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Dutse ya ce, "Malam, ai wasa ne. Daƙuwa sai da niyya. Ɗan dambe ma ai buɗe hannu yake yi a fuskar abokin karawarsa, wa ya taɓa cewa ya zage shi?" Na yi shiru, don ya kawo hujja. Gaskiya ne, ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan ya miƙa shi gaba a buɗe ya zama garkuwa, yatsu a ware, a saitin idon wani ƙato, kuma babu mai jin haushi. Na kwana da maganar. Da asuba na gane cewa hujjar tasa ce ta ba ni amsar da nake nema.

Dambe yana da fage. An share wuri, an yi da'ira, kalangu na tashi, an yi kirari, kowa ya san abin da ya kawo shi. Wanda ke ciki da wanda ke kallo duk sun yarda cewa a nan, daga yanzu zuwa a tashi, hannu yana da wata ma'ana dabam. Haka langa, haka kokawa, haka gaɗar 'yan mata a dandali, haka tashe da azumi, inda yaro zai sa gemun auduga ya kwaikwayi tsoho a gaban tsofaffi a ba shi hatsi maimakon bulala. Duk wasanninmu suna sanar da kansu. Ko 'yar gala-gala sai an zana gidajenta a ƙasa, mai wucewa ya gani ya kauce.

Wannan sabon wasa shi ma yana da fage, amma a cikin gilashi yake, mutum ɗaya ne ke ganinsa. Ya mayar da tsakar gidanmu filin yaƙi bai gaya wa kowa ba. Yaron yana cikin wasa, Inna tana cikin gida, kuma taku uku ne tsakaninsu. Shi niyyarsa dodo, ita abin da ya iso gare ta yatsu biyar ne. Niyya tana wanke mai yi a wurin Allah, amma wanda aka watsa wa hannu ba ya ganin zuciya. A ganina nan ne matsalar take, kuma ta fi daƙuwa faɗi. Ko an canja alamar gobe, muddin ɗaya yana ganin abin da sauran ba sa gani, kuma jikinsa na amsa wa abin a gabansu, za a ci gaba da samun irin wannan karo.

Waɗanda suka riga mu sun gamu da shi ta wata fuskar. A shekarar da Pokémon GO ya fito, sai da masu kula da Auschwitz, inda aka hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya a yaƙin duniya na biyu, da gidan tarihin kisan Yahudawa na Washington, da dandalin tunawa da bom ɗin Hiroshima suka fito suka roƙi a daina farautar dodanni a wurarensu. Taswirar wasan ba ta san wurin kuka ba, fili kawai ta gani. Mu ma muna da wuraren da jiki ke canja tafiya in ya iso su: maƙabarta, harabar masallaci, ƙofar mai gari, zauren da ake zaman makoki. Babu allo a kansu, a jikin mutane dokar take. Muna kuma da rijiyoyi marasa murfi da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda ke cika da damina. Na ga yadda ɗan yayata ke ja da baya yana bin dodo, ido a gilashi, sai da na riƙe masa riga a bakin kwatami.

Sai maganar da ta fi damun Yaya, da ta huce ta faɗa mini. Duk tsawon wasan nan kyamarar baya a buɗe take, kuma cikin gida take kallo. Gidan da aka rubuta "ba a shiga" a ƙofarsa, gidan da namiji baligi ba ya wuce zaure sai da iso, ga ido an shigo da shi yana yawo tsakanin mata suna aiki da ɗaurin ƙirji. Masu yin manhajojin sukan ce hoton ba ya barin waya, kuma ga masu gaskiyar cikinsu haka ne. Sai dai yaro da kansa yana iya naɗar abin da ke kan gilashi ya tura wa abokai don su ga ya kama dodo, ga kuma matar kawunsa a bayan dodon tana wanke-wanke. Hotunan wurare kuwa dukiya ne a wurin kamfanoni. A 2024 Niantic, wanda ya yi Pokémon GO, ya bayyana cewa yana gina wata babbar taswirar duniya ta kwamfuta da hotunan wuraren jama'a da 'yan wasa suka ɗauka da yardarsu. Wannan da yarda aka yi, kuma a waje. Wanda zai zo bayansa da ƙaramin wasa na kyauta, wa ya tsaya masa? Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, abu ne mai kyau, amma doka ba ta zama a tsakar gida. Uwa ce ke zaune a can, kuma yawancin iyayenmu ba su san cewa wayar da yaro ya ɗaga tana gani ba ko da bai ce "ku tsaya in ɗauke ku" ba.

To me nake so? Abu na farko ƙarami ne, kuma ba ya cin kuɗi: a bar mai wasa ya zaɓi alamarsa, kamar yadda yake zaɓar harshe in ya kunna sabuwar waya. Hannun Bahaushe ba bebe ba ne da za a ce sai an ara masa magana. Muna da jinjina, dunƙulallen hannun dama a ɗage, wadda ake yi wa sarki, kyamara kuwa tana gane dunƙule sarai. Muna da yafito, tafi na kallon ƙasa, yatsu a haɗe suna lanƙwasowa. Muna da tafi, muna da ƙyasta yatsu, muna da juya tafin hannu sama don tambayar "ina yake?" Ko buɗaɗɗen hannun ma, in aka haɗe yatsun ya tashi daga zagi ya koma "dakata". Tazarar da ke tsakanin ladabi da rashin kunya a nan ba ta fi faɗin tsinke ba, kuma ɗigo 21 ɗin nan suna iya auna ta, in an gaya musu tana da muhimmanci.

Abin dariya shi ne, kafaɗa ma tana goyon bayana. Na karɓi wasan na gwada, kafin minti biyar hannuna ya yi nauyi kamar na yini ina ɗaukar jinka. Masu ƙera kayan sun daɗe da sanin wannan gajiya. Microsoft ya fito da Kinect a 2010, wanda ake tsalle ana wurgi da hannu a gaban talabijin, ya yi kasuwa da farko sannan ya lafa. Google ya sa wa wayarsa Pixel 4 na'urar gane wulgawar hannu a 2019, a wayar da ta biyo baya ya cire. Da Apple ya fito da tabaransa Vision Pro a 2024, alamar da ya zaɓa ita ce ka haɗa babban yatsa da manuni, hannunka na ajiye a cinya. Su gajiya ce ta kai su ga ƙaramin motsi, mu kunya ce za ta kai mu, amma wuri ɗaya muka nufa.

Abu na biyu ya fi nauyi, kuma a wuyanmu yake. Kwamfuta abin da aka nuna mata take koya. A 2018 wasu masu bincike biyu, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin manyan kamfanoni uku masu duba fuska su ce namiji ne ko mace. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan baƙaƙen mata ya kai kusan kashi 35 a mafi munin su. Fuska suka auna, amma darasin ya shafi hannu: wanda ba a sa shi cikin karatun ba, ba a gane shi ranar jarrabawa. Hannayen da ke ƙauyenmu akwai masu lalle har wuyan hannu, akwai masu kanta da faso saboda fartanya, akwai na wani ɗalibina da injin markaɗe ya cinye wa yatsu biyu. Manhajar da ta taso tana neman yatsa biyar, me za ta ce da shi? Kuma da magariba ta yi, a hasken fitilar sola, wayar nan ta makance mana gaba ɗaya, sai yaron ya koma ƙarƙashin fitilar ya yi ta juya hannu kamar mai shan ɗumi. Ga zafin bazara da ke sa waya ta yi zafi ta fara sanɗa, ga batir da kyamara ke zuƙewa kafin a kai ga biyan kuɗin cajin jiya. Ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, da dama ba su da na'urar jin juyin ma, ba sa cikin jerin waɗanda Google ya amince su ɗauki irin wannan wasa. Wanda bai taɓa kai waya shagon caji ba, ba zai tuna da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba lokacin da yake tsarawa.

Muna da waɗanda suka taɓa kaiwa. Suna Jami'ar Bayero, suna Wudil, suna Dutse, suna makarantar kwamfuta ta Kazaure da aka kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. Kowace shekara suna rubuta aikin kammala karatu, kuma kayan gano hannun nan kyauta ne, kowa na iya saukewa. Ina jiran ranar da ɗayansu zai dubi carafke da idon sana'arsa. Wasa ne da ba komai a cikinsa sai motsin hannu: a wurga, a kwasa, a cafe, a juya bayan hannu a tare. Ko da yake a nan sai in ja birki, don carafke ta gaske da tsakuwa biyar-shida ake yinta, kyauta, kuma tsakuwa tana da nauyi, tana da sanyi, in ta faɗo a bayan hannu ana jinta. A gilashi iska kake damƙa. Ba na fatan ranar da yarinya za ta biya kuɗin data don ta yi abin da ƙasar ƙofar gidansu ke ba ta a banza. Inda fasahar za ta yi rana shi ne inda tsakuwa ta gaza. Ɗauki dara: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12. Abokin darar Baffa ya tafi ci-rani Legas tun bayan girbi. A ce Baffa ya tona gurabensa a gindin darbejiya kamar kullum, ya jingine waya, ya ga 'ya'yan abokinsa sun bayyana a cikin gurbin, ya ɗaga nasa da hannunsa a ƙasa. Wannan wasa yana da fage, don guraben a ƙasa suke, duk mai wucewa ya san dara ake yi, har ya tsuguna ya ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Akwai waɗanda wannan magana ta fi shafa fiye da 'yan wasa, su ne kurame. A ƙasar Kano suna da harshensu na hannu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda mahauci da mai shayi a kasuwa ma sukan iya kaɗan daga ciki. Da boko ya zo musu, ya zo da nasa. Wani kurma baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, aiki ne na alheri babu musu, amma alamun Amurka ya zo da su, kuma su suka zama harshen aji a makarantun kurame na ƙasar nan. Yaro ya je makaranta ya dawo da hannun da uwarsa ba ta ji. Mun taɓa ganin yadda ake yi ke nan: ba wanda ya hana maganar hannu, kawai dai an zo da wata a cikin littafi, tamu kuma ba ta cikin littafin. Yanzu littafin waya ce, kuma ba kurame kaɗai za ta koyar ba. Yaron da ya ware yatsu sau ɗari a yini ana ba shi maki, hannunsa ya haddace, ko kansa bai haddace ba.

A gidanmu dai, kafin masu ilimin su motsa, Yaya ta kafa tata dokar a ranar. Ba a yi a cikin gida. In zai yi, ya fita bayan gida wajen garken awaki, ya fuskanci katanga, kuma ya faɗa da baki cewa wasa zai fara. Ya yi ta ƙunƙuni, ya ce dodon ba ya zama sosai a can. Na ce ya ɗauki tsohuwar tabarma ya shimfiɗa masa. Da yamma sai ga Inna ta lallaɓo da sandarta, wai ta zo ta ga abin da ya sa mijinta ya zage ta. Ya riƙe mata wayar, ta leƙa, ta ja da baya ta yi salati, ta sake leƙawa. Ya ce, "Hajiya, buɗe hannunki ki harbe shi." Ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta yi wa ko dodo daƙuwa da girmanta. Ta dunƙule hannu ta yi masa jinjina. Wayar ta ɗauka kamu ne, ta ba ta maki.

Kwana huɗu suka yi suka koma Kano da wayarsu. Sati bai cika ba, ina dawowa daga makaranta na tarar da yaran layinmu su shida a bakin rijiya, babu mai waya ko ɗaya a cikinsu. Kowanne ya sami gutsuren kwali ko tsohon silifa ya kare fuska da shi da hannun hagu, suna zagaya juna, suna watsa wa juna yatsu biyar suna ihun "Wuta! Wuta!" Wata baiwar Allah daga unguwar gabas ta sauke tulunta tana kallonsu, baki buɗe, tana tambayar 'ya'yan wane gida ne waɗannan.